Baiti na Biyar na Waƙar Kurmala

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata hanyoyi, ya raba wa mutane harsuna kamar yadda ya raba musu kamanni. Ni ne Arzika ɗan Nomau, majemi jikan majemi, mutumin Kurmala, garin da yau ko kufansa ba ka gani sai ka nutsa cikin ruwa. Na tsufa, haƙorana sun yi ƙaura ɗaya bayan ɗaya, don haka bari in faɗi abin da na gani tun harshe bai bi su ba.

Kurmala gari ne mai rijiya bakwai da ƙofa uku. Tarihinmu ba a takarda yake ba, ba kuma a bakin maroƙa ba, a bakin turmi yake. Waƙa ce mai baiti goma sha biyu, matan gari ke yin ta da hantsi in sun taru daka a gindin giginya, suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafi kafin ta sauko. Farkon waƙar shi ne:

Shamuwa ta sauka, mun sauka,
Inda ta sa ƙafa muka kafa turmi.
Kurmala mai rijiya bakwai,
Baƙo sha, ka ɗebar wa na baya.

Ina ɗan shekara goma gulbi ya sauya hanya, ya cinye garin cikin damina ɗaya. Zazzaɓin da ya biyo baya ya kwashe tsofaffi. Mu da muka rage muka raɓa a garin wasu, inda kowace mace ke dakanta a bayan danga, shiru, don kada 'yan gari su yi mata dariya. Da haka waƙar ta riƙa zubewa baiti bayan baiti, ba wanda ya lura.

Da ciwon ajali ya kama mahaifiyata Tabawa, ta kira ni da rana tsaka ta ce, "Arzika, matso. Baiti huɗu suka rage mini. Kwana uku ke nan ina neman na biyar, ya ƙi zuwa. Shi ne mai sunayen mata bakwai da suka haƙa rijiyoyin, kakar kakata tana ciki."

Na ce, "Inna, ki huta, zai dawo miki."

Ta ce, "Ba zai dawo ba, ɗan nan. Amma akwai inda yake ajiye."

Sai ta ba ni labarin wani baƙo mai jan gemu da ayari ya yasar a Kurmala tana yarinya, ba shi da lafiya, mahaifinta ya yi jinyarsa damina guda. Da ya warke ba shi da aiki sai zama kusa da turame da fata a cinya, yana rubuta waƙar. Mata na maimaita masa, suna dariyar yadda yake murɗe baki. Ranar tafiyarsa ya bar wa kakana wani hatimi na darma mai hoton ƙararrawa a bisa kifi, ya ce alamar gidansu ce, can arewa bayan teku. Inna ta danƙa mini hatimin ta ce in nemo waƙar in mayar wa turmi. Na yi mata alkawari, kwana biyu tsakani muka kai ta makwancinta.

Na ɗauki kartajina, wuƙar da muke kankare fata da ita, da buhun bagaruwa na jima, na bi ayarin gishiri. Kwana arba'in muka yi a cikin rairayi kafin mu isa wani birni da aka gina da gishiri tsantsa, ganuwa da masallaci da kasuwa. Mutanensa suna tsoron hadari yadda muke tsoron gobara, kuma ba a shigar da raƙumi sai an ɗaure masa baki, don an taɓa yin wani da ya lashe katangar alƙali har aka ga matansa suna tsefe kai. Na nuna hatimina ko'ina, kowa ya juya shi ya ce in ƙara gaba. Na ƙara gaba har ƙasa ta ƙare, na shiga jirgin ruwa ina yi wa matuƙa facin salkuna, a bakinsu kuma na tsinci yaren mutanen arewa.

Guguwa ta jefa mu wani tsibiri da hazon teku ba ya ɗagawa. Sarkinsa yana da ganga ɗari da ake bugawa daga safe zuwa yamma don jirage su ji inda gaɓa take, amma danshi ya sa duk sun saki, sai ka ce ana dukan katifa. Na gyara masa guda ɗaya da hayaƙi da man kifi, ta yi ƙara har tsuntsaye suka tashi. Nan na jawo wa kaina. Sarki ya naɗa ni sarkin fata, ya ba ni gida da bargo da dogarai huɗu, ya ce na tsaron lafiyata ne, amma ko bakin teku na nufa sai su tare gabana da ladabi. Shekara biyu na yi a wannan ɗaurin mai kama da girma. Bagaruwata ta ƙare a aikin sarki, sai cikin tafi biyu da na ƙulle a tsumma na rataya a wuya. In kewar gida ta taso mini sai in kwance in shaƙa, in ji warin majemar babana, in yi kukana in share.

Wata safiya na ga ana lodin fatun maruƙa a jirgi, a kan kowane ɗauri an buga ƙararrawa a bisa kifi. Alamar hatimina ce sak. Na ce wa dogarai zan duba ko gishirin fatun ya isa, na shiga rumbun jirgin, na kwanta a tsakiyar ɗauri na naɗe kaina. Sun neme ni, amma ɗanyar fata mai kwana goma ba ta barin mai hanci ya matso, ni kuwa a cikin wannan warin aka haife ni. Kwana uku ina naɗe, ina lasar gishiri ina tsotsar raɓa.

Da aka kwance ɗaurin, sai ga ni a tsakar wani gida na dutse a bisa tsauni, teku na dukan gindinsa, wasu mutane masu baƙaƙen riguna da askin tsakar ka sun kewaye ni suna salati irin nasu. Ruhubanawa ne, Nasara masu ibada da suka bar aure da dukiya suka tare wuri ɗaya. Babban aikinsu bayan addu'a shi ne kwafar littattafai: tarihin sarakunan da suka shuɗe, yaƙe-yaƙe, labaran waliyyansu da na dodannin teku. Komai da Latinanci suke rubuta shi, harshen da babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi, sai littafi da addu'a. Takardarsu kuwa fata ce, ta maraƙi ko ta tunkiya, a jiƙa, a miƙe a jikin katako, a kankare har ta yi fari.

Aka kai ni gaban shugabansu, wani dogo marar fara'a da suke kira Abba. Na nuna masa hatimin na faɗi buƙatata. Ya ce, "Hatimin namu ne. Amma littafi ɗari huɗu gare mu, kuma kowanne da kalmominsa na farko muke gane shi. Ka san yadda naka ya fara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ko baƙi ɗaya na rubutunku ban sani ba."

Ya ce, "To, za a duba. Kafin nan, mai cin gurasarmu yana aiki. Me ka iya?"

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce in dai fata ce, daga nan har inda rana ke faɗuwa babu na biyuna. Ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini tarin tsofaffin ganyayen littafi. Ashe al'adarsu ce, in fata ta yi wuya, sai su zaɓi littafin da ba a damu da shi ba, su jiƙa shi da madara da dusa, su kankare rubutun, su sake sabo a kai. A lokacin sarkin ƙasar ya aiko a rubuta masa tarihin gidansu kafin bazara, fata kuwa ta gaza. Abba ya zaro ganye na sama ya miƙa mini ya ce in nuna. Na zare kartaji na bi fatar nan gaba da baya, ban tsaya inda tawada ta ƙare ba, sai da na shiga naman fatar na mayar da ita kamar ɓawon ƙwai, har hasken taga na ratsa ta. Ruhubanawa suka riƙa miƙa wa juna suna jinjina kai. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba.

Aka ba ni kusurwa a ɗakin rubutu. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, kuma har yau in na rufe ido ina jin ƙamshinsa, na fata da tawada da ulu mai danshi. Mutum goma sha biyu a jere gaban tagogi, ba a magana ko ɗaya, sai ƙarar alƙalamin gashin dinya. Mai son wuƙa ya shafa yatsa a tafi, mai son tawada ya taɓa harshe. Ba a kunna wuta don tsoron gobara, sanyi kuwa har tawada na daskarewa. Maƙwabcina wani tsoho ne mai suna Tiyobaldu, ni dai Baba Tabaldo na iya faɗa, ya kuma amsa. Shekara hamsin yana kwafa, yatsunsa uku sun ƙage a siffar riƙon alƙalami, ko gurasa da su yake tsinka a haka. A tsakar gida, inda aka yarda a yi magana, yakan ce mini, "Ɗana, yatsu uku ke rubutu, amma duk jiki ke biya." In na tashi salla shi ke tsare mini ƙofa kada a ratsa gabana.

Mai kula da littattafai ya yi wata guda yana bincike ya ce babu littafina. Ni kuwa ina ta kankara, ganye bayan ganye, sauran ban matsa musu kamar na farko ba don aiki ya yi yawa. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ranar da na ɗauko ganyen ƙarshe na tarin, har na ɗora kartaji, sai idona ya sauka a gefen shafin. Wani ɗan zane ne da bai fi babban yatsa ba: turmi, taɓarya biyu a sama, shamuwa tsaye a gefe da ƙafa ɗaya. Turmin kuwa mai ƙugu ne da zobe uku, sassaƙar Kurmala, irin wanda Inna ta tsere da shi a ka ranar ruwa. Na yi ihu. A ɗakin da shekara ɗari ba a ji muryar mutum ba, na yi ihu da Hausa ina kiran sunan uwata. Wani ya ɓarar da tawada, wani ya faɗo daga kujera.

Baba Tabaldo ya ja ni waje da ganyen. Ya kai shi kusa da hanci ya karanta tsakiyar shafin yana fassara mini: wai a kudu akwai gari mai rijiya bakwai, mutanensa kunnuwansu har ƙasa, da ɗaya suke shimfiɗa su rufa da ɗaya.

Na ce, "Baba, dubi kunnena! Wa ya yi mana wannan sharrin?"

Ya yi murmushi ya ce, "Littafin ɗan'uwa Garimu ne, mai jan gemu. Ina saurayi na same shi tsoho. Gaskiya ya fara rubutawa, Abban wancan zamani ya ce labarin ƙasa mai nisa in babu abin al'ajabi ɓarnar fata ne, sai ya ƙara kunnuwa. Ganye huɗu na farko ɓera ya cinye, shi ya sa ba a gane shi ba. Ga kuma wannan shirmen da ya bi gindin shafuka takwas yana rubutawa, baƙaƙen namu ne amma ba harshen kowa ba ne. Mun ɗauka ruɗin tsufa ne, don yakan zauna yana dukan tebur yana gunguni."

Na ce, "Karanta mini shirmen."

Ya gyara murya, ya fara haɗa baƙaƙe da ƙyar, yana dukan cinyarsa yadda ya ga Garimu na yi:

Ƙofar Giginya ta masu dawowa,
Wanda ya fita da fushi ya shigo da yunwa.
Inna na nan, tuwo na nan,
Kada ka yi sallama, gidanku ne.

Shekara shida rabona da jin Hausa a bakin wani. Ga ta yau a bakin tsohon da bai san me yake faɗa ba, a karye, a murɗe, amma ita ce. Na durƙusa a kan duwatsun tsakar gidan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar Inna. Wannan shi ne baiti na goma sha biyu. Daga na biyar zuwa na sha ɗaya kuwa, ni da hannuna na kankare su.

Kwana biyu ban ci ba. A na uku ina zaune ina shaƙar ƙullin bagaruwata, sai na tuna da kuloko, baƙin rinin da dukawanmu ke yi da ruwan ƙarfe. Kuloko ba ya baƙi sai a fatar da ta sha bagaruwa, in sun haɗu ne suke kama juna. Na ruga na tambayi Baba Tabaldo da me suke tawada, ya ce da ƙullutun itace da ruwan ƙarfe. To ƙarfe in ya shiga fata ba ya fita duka. In na shafa ruwan bagaruwa, abin da ya rage zai farka. Sai dai na san ba zai daɗe ba, fatar gaba ɗaya za ta bi ta yi baƙi, ba ta sake moruwa.

Da na kai wa Abba maganar, ya ce sam. "Ganye bakwai, maraƙi huɗu ke nan. Da me zan rubuta wa sarki kakanninsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sarki yana da masu tuna masa kakanni. Mu wannan fatar kaɗai gare mu. Ba ni su, in zauna in yi muku jima hunturu uku."

Baba Tabaldo ya sa baki ya ce, "Abba, mun ci amanar Garimu sau ɗaya da kunnuwa. Kada mu ƙara." Sai Abba ya ɗaga mana hannu alamar ya yarda.

Na daka bagaruwar gida ta ƙarshe na jiƙa ta kwana ɗaya. Da hantsi muka shimfiɗa ganyayen a tsakar gida inda haske ya fi, ruhubanawa duk sun fito. Na bar ganyen da na fara kankarewa a ƙarshe, don zuciyata ta riga ta gaya mini. Na tsoma gashin tsuntsu na shafa a gindin ganyen da ke da baiti na shida. Shiru. Can sai ja-ja ya fara tasowa, baƙi bayan baƙi, kamar tsiron gero bayan ruwan farko. Baba Tabaldo ya sunkuya yana karantawa da sauri, ni ina cafkewa ina miƙe kalmomin, ina dukan ƙasa da tafi ina rerawa. Kafin a tafasa tukunya fatar ta rine ta haɗiye komai, amma baitin ya riga ya zauna a kaina. Haka muka yi na bakwai, mai labarin shekarar fari, da na takwas, mai zagin wani sarki marowaci, har zuwa na sha ɗaya. Kafin mu gama, ruhubanawan nan masu shiru suna buga ƙafa tare da ni.

Sannan na ɗauko ganyen farko, wanda na yi wa Abba gwaninta da shi. Na shafa. Na sake shafawa. Na juye sauran ruwan duka a kai. Fatar ta yi ja, ta yi baƙi, ko ɗigo ɗaya bai taso ba. Da wani sakaran ma'aikaci aka ba wannan ganyen, da yau ina da sunan kakar kakar uwata. Baba Tabaldo ya dafa kafaɗata da ƙagaggun yatsunsa.

Na cika hunturu ukuna. A na biyu Baba Tabaldo ya rasu, ni na haƙa masa kabari don ƙasar ta daskare, hannuwan 'yan'uwansa ba su iya ba. Kafin ya rasu ya rubuta waƙar a gindin shafukan tarihin sarki, baiti ɗaya a kowane shafi, ya bar gindin na biyar fari. Ina jin tana can har yanzu a ƙarƙashin yaƙe-yaƙen mutanen da ba su san da mu ba. Sau da yawa nakan yi kewar ɗakin nan mai sanyi, abin da ban taɓa zaton zan yi ba.

Dawowata shekara biyu ta ci, labarinta daban. Na tarar da ragowar mutanen Kurmala, na bi gida gida ina tara mata, tsofaffi na kuka in na kai baitin da suka taɓa ji a bayan iyayensu. Muka dasa giginya a bakin gari, aka fito da turame daga bayan danga.

Yanzu kullum da hantsi jikokina da 'ya'yan maƙwabta suna daka a can, ni ina kan buzuna a inuwa. Sukan rera huɗun farko, sai su yi shiru, taɓarya kaɗai ke tafiya tsawon layi huɗu, sannan su kama na shida. Yaran da aka haifa bayan dawowata sun ɗauka haka waƙar take tun asali. In sun iso wurin, jikata Yalwa takan waiwayo ta ce, "Kaka, ga baitinka nan!" su yi ta dariya, ni ma in yi.

Allah ya jiƙan Tabawa, ya jiƙan mata bakwai da Shi kaɗai ya san sunayensu yanzu. A wannan shirun su taɓarya suke ji, ni kuwa ƙarar kartajina nake ji a kan fata.